Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Gudun Fanfalaki da Rauni a Ƙafa

Tambaya: Likita, duk lokacin da na yi dogon gudu na atisaye, cinyoyina biyu suna yin tsami har kwana biyu, sannan su saki. Ko wannan rauni ne?

Amsa: A'a Malam, wannan tsamin tsoka ne, kuma yakan fi tsanani a kwana na biyu. Muddin a ƙafafu biyun yake, yana kuma raguwa da kansa, ka ci gaba da shirinka. Idan ya wuce mako guda, ko ya tattara a wuri ɗaya, ka je a duba ka.

Tambaya: Na yi targaɗe a idon sawu jiya. Ƙanƙara zan sa ko ruwan zafi?

Amsa: Ƙanƙara, a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20 a kowane zama, a kuma ɗaga ƙafar sama a kwana biyun farko. Idan ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu ba, ko kuma kan ƙashin ne yake ciwo idan an danna, ka tafi asibiti a ɗauki hoto.

Tambaya: Likita, barka da ƙoƙari. Wata huɗu ke nan ina shirin gudun fanfalaki, saura mako uku a yi tseren. Ƙwaurina na hagu ya fara ciwo a wuri guda, da farko sai na yi nisa yake tashi, yanzu kuwa ko tafiya nake ina jin sa, har da daddare. An ɗauki hoton ƙashi an ce ba a ga komai ba. Abokan guduna sun ce in sha ibuprofen kafin a tashi, in riƙe tiramadol a aljihu, mai tausa kuma ya murje wurin sosai. Sun ba ni labarin ɗan Tanzaniyan nan da ya ƙarasa tseren Olamfik da ƙafa a ɗaure. Ashe ba juriya ba ce gaba ɗayan wasan?

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ce ta fi tayar mini da hankali a wannan makon, saboda haka ka yi haƙuri zan tsawaita. Abin da ka siffanta, wato ciwon da za ka iya nuna wurinsa da kan yatsa ɗaya, wanda ya tashi daga lokacin gudu ya koma lokacin tafiya, har ya kai ga hana ka barci, shi ne yadda tsagewar ƙashi ta gajiya take bayyana. Ba faɗuwa take kawo ta ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohon sashe yana gina sabo, kuma idan aka ƙara yawan gudu da sauri fiye da yadda ginin zai iya biyo baya, sai ƙananan tsagogi su taru a wuri guda har su zama tsaga ɗaya.

Hoton da aka ɗauka bai wanke ka ba. Irin wannan tsaga sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum a makonni biyu zuwa uku na farko, sai bayan ƙashin ya fara ɗinke kansa ake ganin alamarta. Hoton MRI, wato hoton na'ura mai aiki da maganaɗisu da ke nuna cikin ƙashi da tsoka, shi ne yake nuna ta da wuri. Ka koma wurin likitan ƙashi, ka faɗa masa tarihin ciwon kamar yadda ka faɗa mini, ka kuma nuna masa ainihin wurin, domin tsagar da take gefen ciki na ƙwauri takan warke cikin mako shida zuwa takwas idan an huta, amma wadda take a gaban ƙwauri tana da taurin kai, takan ɗauki watanni, wani lokaci ma sai an yi aiki.

Yanzu ka dubi abin da kake shirin ɗora wa wannan ƙashin. Tazarar tseren kilomita 42 ce da mita 195. Mai gudu irinka zai yi taku fiye da 30,000 kafin ya kai ƙarshe, kuma a kowane taku nauyin da yake sauka a ƙafa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Ƙaramar tsaga ba ta bukatar fiye da haka kafin ta zama cikakkiyar karaya a tsakiyar hanya, inda hutun mako shida zai koma ƙarfe a cikin ƙashi da dogara sanda na watanni.

Game da shawarar abokanka kuwa, ina mamakin yadda mutum zai miƙa wa abokinsa irin waɗannan magunguna kamar ba komai ba. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna rage jinin da yake isa ƙoda. A cikin dogon gudu dama jini ya karkata zuwa tsokoki, jiki kuma yana zubar da ruwa ta gumi, to idan aka haɗa da maganin sai ƙoda ta shiga matsi ta fuska biyu. Suna kuma iya gurje ciki har ya zubar da jini. Tiramadol ya fi muni: yana kawo jiri da rikicewar tunani, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon shekarar 2024. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan haɗura, zan hana ka, domin jiki magayi ne, ciwon nan shi ne kaɗai abin da yake tilasta maka ka tausaya wa ƙafar. Idan ka kashe shi da ƙwaya, tsagar tana nan, sai dai ba za ka ji lokacin da take buɗewa ba. Murzar mai tausa ma ba ta ɗinke ƙashi. Kada ka bari kowa ya danne wurin da ƙarfi.

Labarin da suka ba ka gaskiya ne. John Stephen Akhwari ya faɗi a tseren Olamfik na birnin Meziko a 1968, ya ji rauni a gwiwa, ya kuma shigo fili a matsayin na ƙarshe, fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya lashe zinare. Amma a cikin wannan tseren akwai Abebe Bikila, wanda ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokiyo a 1964. Ya shiga da rauni a ƙashin ƙafa, kuma tun kafin a kai rabin hanya ya fita. Ban taɓa jin wanda ya kira Bikila rago ba. Juriyar da wannan wasa yake nema ita ce juriya a kan gajiya, wadda takan sauko wa kowa bayan kilomita 30 idan makamashin da tsoka ta adana ya ƙare. Ciwo mai kaifi a wuri guda, wanda yake sa ka ɗingishi, ba ya cikin abin da ake jurewa.

Ka dakatar da gudu daga yau. Idan likita ya amince, ka riƙe ƙarfin numfashinka da iyo ko tuƙa keke, muddin ba sa tayar da ciwon. Ka tambayi masu shirya tseren ko suna ba da damar ɗage rajista zuwa shekara mai zuwa, domin wasu suna bayarwa. Na san zafin barin aikin wata huɗu, ba na raina shi. Amma ka je asibiti a wannan makon, kada ka jira sai bayan tsere.

Tambaya: Agarata tana ciwo da safe idan na sauko daga gado. An ce akwai allurar da ake yi a wurin, ciwon ya ɗauke kafin ranar tsere.

Amsa: Allurar sitiroyid suke nufi, wato maganin rage kumburi mai ƙarfi, kuma ban yarda a tsira ta a cikin agara don a samu a yi gudu ba, saboda tana raunana jijiyar, tana ƙara haɗarin tsinkewarta. Wanda agararsa ta tsinke yana fuskantar watanni kafin ya koma gudu. Maganin gaskiya shi ne rage gudu da atisayen ƙarfafa sha-raɓa a hannun likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuma yana ɗaukar makonni. Idan an rubuta maka ciprofloxacin don wata cuta, ka sanar da likitan cewa agararka tana ciwo, domin shi ma yana raunana ta. Idan kuwa ka ji kamar an doke ka a bayan dunduniya, ka kasa ɗaga ta, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ni mace ce, na rage cin abinci don in yi sauƙin gudu. Al'adata ta ɗauke wata uku, yanzu kuma ina jin ciwo can cikin matse-matsina idan na taka.

Amsa: Malama, ki daina gudu yau, ki ga likita gobe. Bayan an tabbatar ba juna biyu ba ne, ɗaukewar al'ada a mai gudu alama ce cewa abincin bai ishi aikin da jiki yake yi ba, wannan kuwa yana cinye ƙarfin ƙashi. Ciwo a wurin da kika ambata yana iya zama tsaga a wuyan ƙashin cinya, wadda idan ta goce sai an yi tiyata cikin gaggawa. Kada ki gwada ƙafar da tsalle.

Tambaya: Ko robar ɗaure gwiwa tana maganin ciwon gwiwa?

Amsa: Tana iya sa ka ji daɗi, amma ba ta warkarwa. Ƙarfafa tsokokin cinya da na ƙugu shi ne aikin. Kada kuma ka ɗaure ta har ƙafa ta yi sanyi ko ta dinga mutuwa.

Tambaya: Na riga na yi tseren da ciwon ƙafata, na kuma yi doguwar tafiya a mota na dawo gida. Yau kwana uku, sha-raɓata ɗaya ta kumbura, ta yi zafi.

Amsa: Ka tafi asibiti yanzu, kada a yi maka tausa. Kumburin ƙafa ɗaya bayan rauni da doguwar tafiya a zaune yana iya zama daskarewar jini a jijiya, gudan kuma yana iya ballewa ya toshe huhu. Ka faɗa musu idan numfashinka yana sarƙewa ko ƙirji yana ciwo, haka nan idan fitsarinka ya yi duhu sosai ko ya ragu, domin a auna ƙodarka a lokaci guda.