Kafin ka zana taswira, ka fara wanke sunayen garuruwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ta ina za ka fara haɗa taswirar yaɗuwar ɗab'i a Turai, kuma wace manhaja ta fi dacewa. Ni ma da wannan tambayar na fara, daga baya na gane manhaja ba ita ce matsalar ba. QGIS, manhajar zana taswira, kyauta ce, cikin mako guda hannunka zai faɗa. Aikin yana wajen bayanan da za ka zuba mata.

Ka fara da ISTC, kundin jerin littattafan farkon ɗab'i na ɗakin karatu na British Library. Ya tattara bugu kusan 30,000 da aka yi kafin 1501, kowanne da gari da mai maɗaba'a da shekara. Da shi za ka bi sawun abin tun daga Mainz, inda Gutenberg ya buga Baibul wajen 1455, zuwa Subiaco a 1465, Venice a 1469, Paris a 1470, har Westminster a 1476 ta hannun William Caxton, mai maɗaba'a na farko a Ingila. Ka leƙa Atlas of Early Printing na Jami'ar Iowa ka ga yadda wasu suka yi nasu.

Ga inda na sha wuya. Ban san ISTC ta riga ta daidaita sunaye ba, sai na tsinto bayanai daga kundayen ɗakunan karatu daban-daban, waɗanda suka kwafo sunan gari da Latin kamar yadda yake a ƙarshen littafi. Na bar kwamfuta ta nemo wuraren da kanta. Da na buɗe taswirar, sai ga ɗigo-ɗigo a Kudancin Amurka! Ashe "Argentina" a littattafan nan birnin Strasbourg ake nufi. Moguntia kuma Mainz ce, Lugdunum ita ce Lyon. Sati biyu na yi ina gyara layi-layi da manhajar tsaftace bayanai ta OpenRefine, kundin sunaye na CERL (ƙungiyar ɗakunan karatu na bincike ta Turai) yana buɗe a gefe.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Littattafai da yawa ba su ambaci gari ko shekara ba. Masana ne suka gano su ta kwatanta siffar haruffa, shi ya sa za ka ga an sa bayanin tsakanin baka biyu [ ]. Don Allah kada ka cakuɗa su da masu tabbas. Ka ba su launi daban, domin ɗigo a taswira yana sa mutum ya gaskata abin da hasashe ne.

Idan kuma tafiyar littattafan bayan bugu kake so, wane ne ya saya, ina suka kwana, to kundin MEI ne naka, mai bin tarihin kwafin kowane littafi, wanda masaniya Cristina Dondi ta assasa.

Wajen take kuwa, ka rubuta "a Turai" ƙarara, tunda Koriya ta buga littafin Jikji na addinin Buddha da haruffan ƙarfe tun 1377. Turo mini layi hamsin na farko na jadawalinka in duba maka sunayen kafin ka yi nisa.