Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya a kan ƙauna

'Yar'uwa, kin ce kina azumi, kina ba da zakka, ba kya fashin sujada, amma zuciyarki ta ƙi maƙwabciyar da ta ɓata miki suna, shi ne kike tambaya ko bangaskiyarki ta cika. Gaskiya da sauran aiki. Manzo Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 13, ko mutum yana da bangaskiyar kawar da duwatsu, in ba shi da ƙauna, shi ba kome ba ne. Da aka tambayi Yesu umarni mafi girma a Matiyu 22, biyu ya kawo: ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci.

Na san da ciwo, ni ma na taɓa ɗanɗana. Amma dubi Fasto James Wuye a nan Kaduna. Ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A da abokan gaba ne, amma a 1995 suka haɗu, suka zo suka kafa cibiyar sulhu tare. Wuye bai ɓoye ba, sai da ya yi shekaru kafin ƙullin zuciyarsa ya warware.

Ki fara yi wa maƙwabciyar taki addu'a kina ambaton sunanta. Gobe in kun haɗu a bakin famfo, ki riga ta gaisuwa. Zan sa ki a addu'a.