Gas ɗin da ke ɗiga daga famfo

Ka ce ka ga "spill timing" a littafin famfon Bosch mai tura gas cikin injin mota, ka tambayi wayarka ta ce "spill" zubewa ne, to me ya haɗa zubewa da taimin, wato saita lokacin da famfo ke fesa gas? Wayar ba ta yi maka ƙarya ba. Bature na cewa "spill" idan abu ya tumbatsa ko ya kife ba da niyya ba, kamar ka yi tuntuɓe da kofin shayi. Wanda ka tsiyaya da hannunka "pour" ne, mai fita ta huda kuma "leak", yoyo ke nan. Malalar ɗanyen mai ta ƙasar Ogoni da kake ji a rediyo ma "oil spill" suke kiranta. Mu makanikai kuwa muna zubar da gas ne da gangan, don mu ga inda zai ɗauke.

Ka cire bawul ɗin famfo na silinda ta ɗaya, ka ɗaura guntun bututu mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, ka ba shi gas, ka juya inji a hankali. Zai yi ta zuba, ya koma ɗigo, ya tsaya. Nan ƙofar mai ta rufe, nan feshin gas cikin silinda ke farawa, sai ka dubi alamar da ke jikin faifan bayan inji. In kuwa bayan shekara 3 a gareji sai na nuna maka yadda ake gane fistan yana kan matsi, to koma gida.

Wannan ɗigon ya taɓa cin min kuɗin Hajji. Wani mai Marsandi 911 ya kawo min mota tana hayaƙi. Ina cikin aikin ya iso, ya ga gas na zuba a gwangwani, ya hau ihu wai na fasa masa famfo ina ɓarnar mai. Na yi bayani har baki ya bushe. Ina! Ya sa aka mayar masa da komai, ya kai wa wani mai saita taimin da kunne, irin ku 'yan yanzu masu gaggawa. Shi kuma ya tura feshi ya yi wuri da yawa. Mota ta ɗauki buhunan masara, tana ƙwanƙwasa tun daga Zariya, kafin Funtuwa fistan ya narke.

Ka san wa ya kama? Ni. Wai hannuna ne ya fara taɓa famfon. Aka kai ni gaban shugabannin ƙungiyar makanikai, ya kawo yaran motarsa biyu suka rantse sun ga gas na zuba. To ai sun gani! Aka ce in yi haƙuri in sayi fistan da ringi da gasket, a zauna lafiya. Kuɗin aikina kuwa har yau ko sisi. Mai motar ya rasu bara, na je jana'iza, amma ban ce na yafe ba.

Wuyan agwagwar na cikin akwatin sifanu. Wanko shi, kuma ajiye wayar nan.