Iyalina ba sa son kwana a daji, yaya zan yi?

Ɗan uwa, na ga tambayarka: kai da samarin gida kuna son kafa tanti a gandun dajin Binuwai da ke ƙasar Kamaru, uwargida da Hajiya kuma sun ce sai ɗaki mai ƙofa.

Kafin komai, tambaye su abin da suke gudu. Yawanci makewayi ne, da wurin wanka, da sauro. In haka ne, ku sauka a Buffle Noir, masaukin baƙi na cikin gandun, tsakanin Garwa da Gaundare: mata su kama ɗaki, samari su nemi izinin kafa tanti kusa, abinci kuma tukunya ɗaya. Karon farko kwana ɗaya ya isa.

Ku je a Disamba ko Janairu, da barguna, don sanyin asuba ba wasa. Zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, dattijuwa ba za ta ji daɗi ba.

Kada ku shimfiɗa a bakin kogi. Dorina da dare take fitowa kiwo. Ku riƙe gidan sauro, ku guji baƙaƙe da shuɗɗan kaya, suna jawo tsando.

Batun tsaron hanya da wurin kwana, masu gadin gandun za ka tambaya. In Hajiya na shan maganin hawan jini, ta fara ganin likita.