Filin Tambaya da Amsa: Kowa da Yaren Kod ɗin da Yake Cewa In Fara da Shi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu duk a kan koyon furogiramin ne, to na tsinci guda biyar, waɗanda ban kai kansu ba a yi min afuwa sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, ni na gama sakandire bana ina zaman jiran admishan, inaso in koyi rubuta kod amma kowa da abinda yake gaya min, wani yace Python wani yace JavaScript, yayana kuma yace in ba da C++ na fara ba to wasa nake. Kuma banda laftof sai waya. Dan Allah a bani shawara. Daga wani ƙaninka a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida min yayan naka, ka ce masa ya yi haƙuri ya bar ka da Python tukunna. C++ yare ne mai ƙarfi ba musu, amma wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba in aka haɗa shi da shi, sati biyu zai yi yana faɗa da alamomi da saƙonnin kuskure masu tsawon gaske kafin ya ga wani abu ya motsa a allo, daga nan sai ya ce kod ba nasa ba ne ya ajiye, alhali ba laifinsa ba ne. Python kuwa, wanda wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a 1991, an yi shi ne yadda mutum zai karanta ya gane, ka rubuta print("Sannu") ka danna, shi kenan ya fito. JavaScript shi ma ba laifi, in burinka shafukan intanet ne to dole wata rana ku haɗu, domin shi ne yaren da kowace burauza take ji. Kada sunan ya ruɗe ka fa, shi da Java ba dangin iya ba na baba, duk a 1995 suka fito amma daga kamfanoni daban, Java daga Sun, JavaScript daga Netscape.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, abubuwan da za ka koya a watanni ukun farko iri ɗaya ne a duk yarukan nan: yadda ake ajiye ƙima a ba ta suna, yadda ake cewa in kaza ne a yi kaza, yadda ake maimaita aiki, yadda ake tara umarni wuri ɗaya a riƙa kiran sa. Wanda ya iya su a Python ba zai sha wuya a wani yaren ba. Wanda yake tsalle daga wannan zuwa wancan duk sati shi ne zai shekara yana gaisuwa da kwamfuta bai shiga gida ba.

Batun waya, ana farawa da ita sosai ma. Sauke manhajar Pydroid 3 mai gudanar da Python a waya, ko in kana da ɗan ƙarfin hali ka sauke manhajar Termux daga F-Droid, wani rumbun manhajojin Android, ka girka Python a ciki, bayan ka girka ba ka buƙatar data kafin ka yi aiki. Yatsa zai gaji da dannawa gaskiya, in ka samu kibod ɗin bulutut ko na hannu ne ka saya. Ga aikin farko na ba ka: rubuta abin da zai tambayi kuɗin da mutum biyu suka zuba a adashe ya haɗa. Na san me zai faru, za ka sa 500 da 200 ya ba ka 500200, kai kuma ka ce wayar ce ta lalace. Ba ita ba ce, input() rubutu yake dawo da shi ba lamba ba, sai ka nannaɗe shi da int() sannan ya ba ka 700. Ranar da ka gano irin wannan da kanka, ranar ka fara. Kuma duk darasin da ka ga ana rubuta print babu baka biyu, na Python 2 ne wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, ka wuce shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na kai wata takwas ina kallon bidiyoyin koyarwa a YouTube, HTML da CSS da JavaScript duk na gama, in malamin yana yi ina bi komai lafiya lau, amma da na rufe bidiyon na buɗe fayil sabo sai kaina ya ɗauke cak. Ko dai ƙwaƙwalwata ce ba ta ja? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Ƙanwata ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, wannan ciwon kusan duk wanda ya koyi kod ya yi shi, har da mai ba ki amsa. Kallon mai tuƙa tuwo daban, riƙe muciya daban, ke kin fi ni sani. Mai bidiyon nan ya riga ya yi kurakuransa a ɓoye ya gyara ya yanke su, abin da kike gani tsararren aiki ne, to shi kuwa ainihin aikin namu yana cikin wancan ɓangaren da ya yanke.

Ki dakatar da sabon bidiyo na wata ɗaya. Ki duba gidanku ko unguwarku ki nemo ƙaramar matsala ta gaske, misali mai ɗinki da take rubuta awon kwastomomi a littafi, ko mai sayar da turaren wuta da take mance wa ya biya wa bai biya ba. Kafin ki taɓa kwamfuta ki ɗauki biro ki rubuta da Hausa abin da shafin zai yi: wurin sa suna, wurin sa kuɗi, maɓallin ajiyewa, jerin waɗanda ake bi bashi a ƙasa. Sai ki ɗauki guda ɗaya tak, ki ce yau maɓallin nan kawai zan sa ya nuna sunan da aka rubuta. In kin maƙale ki je ki nemo amsar wannan guntun kaɗai, a shafukan MDN ko Stack Overflow inda masu kod suke neman amsa, ki dawo. Zai yi muni da farko, launuka ba tsari, in aka sabunta shafin komai ya goge, sai ki tambayi kanki to ya ake hana shi gogewa, a nan za ki ci karo da localStorage, wurin da burauza take adana bayanai ko an sabunta shafi, kuma ba za ki taɓa mance shi ba saboda sai da kika ji ƙishi sannan kika sha.

Sannan ki saba da jan rubutun nan na kuskure, mutane da yawa da sun gan shi sai gabansu ya faɗi su rufe. Danna F12 a burauza ki shiga Console, zai gaya miki sunan fayil da lambar layi, sau da yawa harafi ɗaya ne kika rubuta babba a wani wuri ƙarami a wani. In kina son darasi mai tilasta miki aiki da hannu, freeCodeCamp kyauta ne, haka CS50 na jami'ar Harvard, sai dai shi tun satocin farko yaren C ake shiga kuma yana da zafi, ki shiga da shiri.

TAMBAYA: Laftof ɗina RAM 4GB ce, na girka Android Studio tana maƙalewa kamar za ta mutu, inaso in yi manhajar waya. Sai na sayi sabuwa? Daga Katsina.

AMSA: Android Studio aƙalla 8GB yake so, in za ka kunna wayar gwaji ta cikin kwamfutar ma ya fi haka. Kafin ka yi maganar sabuwa kai ta wajen mai gyara ya duba ko tana karɓar ƙarin RAM, in kuma tsohon hard disk ne mai juyawa a ciki ka sauya shi da SSD, za ka ɗauka wata kwamfutar ce. Kafin nan ka yi aiki da manhajar rubuta kod ta VS Code, ka haɗa wayarka da kebul ka riƙa gwadawa a kanta kai tsaye. Flutter, wani kayan gina manhajar waya, yana yin haka, da yaren Dart, kuma kod ɗaya ya ba ka Android da iPhone. In Android zalla kake so to Kotlin, shi Google ta sa a gaba tun 2019.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina gaisuwa. Na yi wa wata makarantar Islamiyya manhajar rajistar ɗalibai da PHP da MySQL, matsalata biyu, duk sunan da yake da ƙ ko ɗ sai ya koma alamar tambaya ko wasu haruffa na banza, sannan akwai sunayen da in an sa sai manhajar ta ƙi ajiyewa gaba ɗaya, kamar Sa'adatu. Daga Maraɗi, Nijar.

AMSA: Malam na Maraɗi ina amsawa, wannan tambayar ta fi min daɗi duk makon nan, domin ciwon namu ne mu Hausawa kuma bidiyoyin Turawa ba sa tsayawa a kai.

Ta farko tukunna. Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lamba, kuma akwai tsoffin tsare-tsaren lambobi irin su latin1 da aka yi wa yarukan yammacin Turai, suna da é ɗinku na Faransanci amma babu ƙ, ɗ, ɓ, balle ƴ da kuke rubutawa a Nijar. In teburinka na MySQL, wato ma'ajiyar bayanan, yana kan latin1 aka turo masa ƙ, bai san shi ba, sai ya ajiye alamar tambaya, kuma wanda ya riga ya koma haka ya tafi, sai an sake shigar da sunan. In kuma abin da kake gani irin Æ™ ne a madadin ƙ, to wannan da sauƙi, an rubuta shi da UTF-8 ne aka karanta da wani tsarin, a UTF-8 ƙ bayit biyu ne sai aka ɗauki kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Maganin duka shi ne a daidaita wurare uku su yi magana da baki ɗaya: teburin MySQL ya koma utf8mb4, haɗin da PHP yake yi da ma'ajiyar shi ma a gaya masa utf8mb4, sannan a saman shafin HTML a sa meta charset ɗin UTF-8. Mutane sukan gyara biyu su mance na tsakiyar, su kwana suna zagin kwamfuta. Ka kwafi ma'ajiyar ka ajiye gefe kafin ka taɓa komai.

Ta biyun kuwa ta fi haɗari, ka zauna da kyau. Ina kyautata zaton kana liƙa sunan ne kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake ba ma'ajiyar umarni da shi, to alamar nan da ke tsakiyar Sa'adatu ita ce dai SQL yake amfani da ita wajen rufe rubutu, da ya kai kanta sai ya ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ragowar adatu ya zama shirme a wurinsa. Mu'azu, Shu'aibu, Asma'u, duk haka za su yi maka. Kada ka ce za ka hana mutane sa alamar, na ga masu yin haka, suna ne iyaye suka raɗa. Kuma ƙofar da sunan Sa'adatu ya bi ya karya maka umarni, ita ɓarawo zai bi ya rubuta nasa umarnin a akwatin suna ya kwashe bayanan yaran ko ya goge su. Ka koma amfani da PDO ko mysqli, hanyoyin da PHP yake magana da ma'ajiyar, ka yi prepare ka sa alamar ? a gurbin sunan, ka miƙa sunan daban, shi kenan ma'ajiyar ba za ta ƙara ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Wani abu kuma da zai biyo baya, malamin da zai nemo ɗalibi a waya galibi k zai danna ba ƙ ba, to ka ajiye kwafi na biyu na sunan marar lanƙwasa don bincike kawai, wanda ake nunawa kuma ya zauna yadda yake.

TAMBAYA: Malam tunda ChatGPT yana rubuta kod cikin daƙiƙa, ba ɓata lokaci ba ne mutum ya zauna koyo? Kuma wai dole ne sai na iya Git? Daga Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa na Zango, ni ma ina amfani da shi tun bayan fitowarsa a ƙarshen 2022, yana rage wahala ba ƙarya. Amma yakan ba ka kod da ya yi kama da daidai alhali da rami a ciki, har yakan ƙirƙiro sunan umarnin da babu shi ya faɗa maka da ƙarfin gwiwa, in ba ka iya karantawa ba wa zai gano? Ranar da manhajar ta tsaya kwastoma ya kira ka, kai zai kama. Yadda nake ba masu koyo shawara, ka fara rubuta naka, in ya ƙi ka manna masa saƙon kuskuren ka ce ya yi maka bayani kada ya ba ka amsa, kuma duk layin da ba za ka iya bayyana wa wani da bakinka ba kada ka bar shi a aikinka.

Git kam dole ne, shi ne mai ajiye tarihin duk sauyin da ka yi wa kod ɗinka, kuma ni da kuka na koye shi. Na taɓa yin aikin wata biyu ina ajiyewa a folda mai suna aiki, da aiki sabo, da aiki sabo na ƙarshe, duk a filas ɗaya, na kai shi shagon buga takardu ya kwaso bairos, na dawo gida na tarar foldojin duk sun ƙi buɗuwa, saura kwana huɗu in miƙa. Linus Torvalds ne ya rubuta Git a 2005 don aikin Linux, kuma don farawa umarni kaɗan sun ishe ka: git init sau ɗaya, sannan git add da git commit duk lokacin da wani abu ya yi aiki, sai git push ya tura shi GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, can ne kuma mai son ɗaukar ka aiki zai leƙa ya ga abin da ka gina. Ka dai kula kada ka tura fayil ɗin da kalmomin sirrinka suke ciki, irin makullin Paystack na karɓar kuɗi ta intanet, ka sa sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai tsallake, tun kafin commit na farko, domin in ya riga ya hau ko ka goge shi yana nan a tarihi, sai dai ka je ka sauya makullin.