Tambaya da Amsa: Jirgin ruwan yaƙin da aka mai da na helikofta

Tambaya: Malam, wai gaskiya ne akwai jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi da aka mai da shi na kai sojoji gaɓa da helikofta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Sosai ma kuwa ɗan uwa. Ɗauki HMS Bulwark na sojan ruwan Ingila, an ƙera shi a Belfast, ya fara aiki 1954, har ya yi yaƙin Suez na 1956 da jiragen yaƙi a samansa. To a wannan yaƙin ne turawan suka sauke sojoji a Port Said ta ƙasar Masar da helikofta daga wasu jiragen ruwa biyu, suka ga ashe abin na da sauri, ba sai an jira ƙananan jiragen ruwa suna ta rarrafe zuwa gaɓa ana harbinsu ba. Shi ne a 1959 zuwa 1960 aka kwance wa Bulwark na'urar da ke cilla jirgi sama da wayoyin nan da ke cafke jirgi in ya sauka, aka zuba masa helikofta da sojojin ƙundumbala.

Bai daɗe ba kuwa aiki ya samu, a 1961 Iraƙi ta ce Kuwait tata ce, Bulwark ya je ya sauke sojoji. Ya kuma yi aiki a tsibirin Borneo lokacin rigima da Indonesiya. Ni dai a ganina gyaran nan ya fi amfanarsa, don sabbin jiragen yaƙi sun riga sun masa nauyi. An ajiye shi 1981, aka farfasa shi 1984.