Tsohon jirgin ruwa mai filafili: na tsere zan saya ko na yawo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Baltimore ta jihar Maryland a Amurka, sana'ata sayen tsofaffin motoci in gyara in sayar. Na lura ana sakin ƙananan jiragen ruwa na faiba masu tafiya da iska da araha a bakin ruwan Chesapeake. An yi mini tayin guda biyu: Catalina 22 haɗe da tirelarsa, da J/24 da ke ajiye a tashar jirage. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Wanne zai fi fitar mini da riba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya buɗa kasuwa. Ni dai Catalina zan ce ka ɗauka, in har ya tsallake binciken da zan faɗa maka, kuma tirelar nan ce babban dalilina.

A wannan harka kuɗin saye ba shi ne ke cin mutum ba, kuɗin riƙo ne. Jirgin da ke tasha kullum lissafi yake tarawa: hayar wurin ɗaure shi, inshora, kuɗin ɗago shi daga ruwa in hunturu ya shigo, da na wurin da zai zauna har bazara. Galibin masu sakin jiragen nan da araha wannan ɗawainiyar suke gudu. Catalina 22 kuwa ƙarfe mai nauyi da ke ƙarƙashinsa don hana shi kifewa, yawanci da wayar ƙarfe ake ɗaga shi sama, sai jirgin ya hau tirela ka ja shi zuwa filin da kake ajiye motocinka. Ko ya yi wata shida bai sami mai saye ba, babu mai aiko maka takardar biya. Na J/24 a kafe yake, zurfinsa ƙafa 4, shigarsa ruwa da fitarsa yawanci sai da injin ɗagawa.

Sai maganar wanda zai saya daga hannunka. Frank Butler ne ya tsara Catalina 22, ya fito a 1969, kuma an ƙera fiye da 15,000. Saboda yawansu, kayan gyara ba sa wuya, masu nema ma haka: magidancin da ke son fita da iyalinsa ranar Asabar, da mai koyo da ke neman jirginsa na farko. Irin waɗannan tsabta suke kallo, da injin baya mai tashi bugu ɗaya, da tirela mai lafiyayyun tayoyi. Duk aikin hannunka ne.

J/24 na Rod Johnstone ne, an fara sayar da shi a 1977, an ƙera sama da 5,000, kuma har gobe ana tsere da shi, har a Annapolis nan kusa da kai. Jirgi ne mai kyau, ban raina shi ba. Matsalar ita ce mai sayensa ya fi ka sanin kayan. Zai tambayi nauyin jirgin, da takardar awo ta ƙungiyar masu tseren, da shekarun filafilan, wato ƙyallayen da iska ke turawa. Filafilin da ya miƙe ya saki, wanda mai yawo zai ƙara shekaru yana mora, a wurin ɗan tsere tsumma ne, kuma sabon saiti na iya kai kuɗin tsohon jirgin kansa. In kuma ka ce mai iyali za ka sayar wa, ciki a takure yake, ba ya burge uwargida.

Yanzu bincike, kuma a nan kada ka yi gaggawa. Faibar kanta tana daɗewa. Abin da ke ruɓewa katakon da aka saka tsakanin ɓawo biyu na faiba ne. A J/24 katakon balsa ne, wani katako marar nauyi, a doro (saman jirgin da ake takawa) da jikin jirgin duka, a Catalina kuma doron ne abin dubawa. Ruwa yana bi ta ramukan kusoshi ya jiƙa shi shekara da shekaru. Ka taka ko'ina a doron. Inda ya lotsa, akwai magana. Ka bi shi da ƙaramar gudumar roba: lafiyayyen wuri ƙara mai kaifi yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Ka fi mai da hankali gindin sandar filafili da wuraren da wayoyin da ke riƙe ta suka kama jiki. Idan lotsawar ta yi faɗi, ka haƙura ko da kyauta aka ba ka, domin zubar da gawar jirgin faiba ma sai ka biya. Araha ba ta ado.

A Catalina ɗin ka shiga ƙarƙashi ka duba wayar da ke ɗaga ƙarfen, da ƙusar da yake juyawa a kanta. Nauyinsa ya haura kilo 200, ba abin wasa ba ne in ya kuɓuce. 'Yan ƙurajen da ke fitowa a ƙasan jirgi, in ba su yi yawa ba, dalilin neman ragi ne kawai.

Takardu kuma ka san darajarsu. Irin waɗannan jirage da aka ƙera a Amurka tun daga ƙarshen 1972 suna da lambar jiki a bayansu. Ka gwada ta da ta takardar mallaka. Tirela tana da nata takardun daban. Maryland tana karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a kan sayen jirgi, ka sa shi cikin lissafi, sannan ka tambayi hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ko sana'ar saye da sayarwa na buƙatar lasisin dila, don na motocinka ba lallai ya wadatar ba.

Ka yi tayi a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da mai shi ke tunanin kuɗin ajiyar hunturu. Ka yi gyaranka cikin sanyi, ka fito da shi kasuwa a Afrilu ko Mayu. Ka tsaya a guda ɗaya tukuna, ka rubuta kowace dala da kowace awa da ka kashe, ka gwada da abin da mota ɗaya ke ba ka kafin ka ƙara jari.